Game da rabon ruwan Kogin Haɗeja

Na karanta wani rahoto kan rabon ruwa tsakanin mutanen Kano da na Jigawa da Yobe, kuma na ji daɗi da aka taɓo batun masu zaune a gangaren kogi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake malala da damina ya janye da rani ya koma kwance kusan duk shekara a fadamun Haɗeja da Nguru, har ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa. Da idona na ga gonar shinkafar kawuna ta zama dajin kachala, tsuntsayen jan baki na kwana a ciki suna cinye geron maƙwabta, alhali mutanen Gashuwa na kukan ƙarancin ruwa.

Ban ga laifin manomin Kadawa ba, mai noman rani da ruwan madatsar Tiga a jihar Kano, domin shi ma abincinsa yake nema. Roƙona ga hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are shi ne ta riƙa sanar da ranar sakin ruwa daga madatsun ta rediyo, ta kuma zauna da masunta da makiyaya da manoman gangare kafin ta yanke shawara.