Wa ya tayar wa wannan uwa hankali?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin nan ya hana ni barci, shi ya sa nake rubutawa.

Jiya bayan la'asar na fita da yarona shan iska bakin dam ɗin Kubanni a Samaru, Zariya. Damina na ta haɗa kayanta. Gamba ta fi tsayin mutum har ta fara ja, mazari sun cika sama, shirwa da ta ɓace mana tun kafin marka ta dawo tana shawagi. A gefen ruwa akwai wata bishiya da tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa suka rataya sheƙunansu rututu. Yara uku na ƙarƙashinta, ɗaya da doguwar gora, biyu da danko. Suka zunguro sheƙa ɗaya ta faɗo. 'Yan tsaki biyu ne a ciki, ko gashi bai gama fito musu ba, baki a wangale. Uwar ta dinga kewaya kawunan yaran tana kuka, ta sauko, ta tashi, ta sake saukowa.

Ni kuma waya ce a hannuna. Na ɗaga kai na gani, na ce a raina ai yara ne, na mayar da kai. Yarona ya ja mini riga ya ce, "Baba, za su mayar mata?" Wallahi ban ba shi amsa ba. Na ce mu tafi, magariba ta gabato.

Sai da na tsaya a sahu abin ya faɗo mini. Sahabbai sun taɓa ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a halin tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wa ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Biyu fa, kamar na jiya. Tun ina makarantar Islamiyya na san hadisin nan, na sha karanta wa wasu. Da ranar aiki da shi ta zo, na yi shiru.

Ba ni kaɗai ba ne, mu faɗa wa juna gaskiya. Wa ke sayo wa yaro danko ranar kasuwa? Wa ke dariya in an ɗaura wa tsuntsu zare a ƙafa ana jan sa a lungu har ya mutu? A fizge wa fara ƙafafu a sake ta, a jefe ƙadangare a bar shi yana shure-shure a jikin katanga, uwa na tsakar gida, uba na kan dakali. Wanda ya yi farauta ya yanka ya ci, ba da shi nake ba. Da wasan banza da rai nake. Abdullahi ɗan Umar da ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa bai ce yara ne ba, ya gaya musu Annabi ya la'anci mai yin haka.

Ga kaka ta shigo, nan da 'yan makonni ciyawa za ta bushe. Kun san abin da ke biyo baya: a cinna wa daji wuta daga bayan dutsen Kufena har bakin kogin Galma saboda gafiya ɗaya. Bushiya da kurege da ƙwan fakara duk su ƙone, wani lokaci har da dawar bawan Allah da bai gama girbi ba. Haba jama'a!

Iyayenmu ba haka suka bar mana ba. Shamuwa ta yi sheƙa a kan rimi a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe, ta raini 'ya'yanta, ba mai jifanta. Yanzu ma lokacin tafiyarta ne, za ta nausa kudancin Afirka sai wata daminar. A madadinta ƙananan tsuntsaye na isowa daga Turai, sun ƙetare hamadar Sahara da ikon Wanda ya riƙe su a sama. Duk wannan tafiya, sai su zo Zariya dutsen ɗanka ya kashe su, kai kuma kana kallo?

Don Allah, iyaye, ku duba aljihun yaranku yau. Malaman allo, ku faɗa wa almajirai. In ka ga irin abin da na gani, tsaya ka yi magana da taushi, ko ba ɗanka ba ne. Don Allah ku tsaya.

Da safen nan na koma wurin. Sheƙar na nan a ƙasa raɓa ta jiƙa ta, ba komai a ciki. Astagfirullah. Ku sa ni a addu'a.