Matasa, ku zo mu yi maganar Baba Injiniya

Salama gareku 'yan'uwana matasa, musamman ku da kuka karanta injiniyanci ko kuke kan karantawa, da ku birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi, da ma duk wanda ake ba shi aikin da ran mutane ya rataya a kai. Akwai wani dattijo da ya koma ga Ubangiji kwanan baya, a unguwarmu ba mai kiran sunansa, Baba Injiniya kowa ke cewa, nima haka zan kira shi anan don iyalinsa ba masu son a riƙa yawo da sunansu a intanet bane. Tun bayan jana'iza nake ganin hotonsa a WhatsApp da Facebook, kowa na rubuta mutumin kirki ya tafi, Allah Ya ba shi hutawa, kuma gaskiya ne, amma abinda ke damuna shine da yawanmu mun yabi kirkin bamu tsaya mun duba me ke cikinsa ba, balle mu tambayi kanmu ko zamu iya ɗaukar irinsa.

Baba ɗan ƙauye ne, makarantar mishan ya yi, daga nan Allah Ya kai shi Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ya karanta injiniyancin gine-gine da hanyoyi, lokacin jami'ar ma yarinya ce tunda a 1962 aka buɗe ta. Ya fito aiki a zamanin da kuɗin mai ke zuba, zamanin da aka yi ƙarin albashin Udoji na 1974, kwangila ta ko'ina, gada, titi, makarantu, asibitoci, kuma injiniyoyi 'yan Arewa basu da yawa, wato in da tara dukiya ya sa a gaba to ƙofa a buɗe take har bango. Ya yi shekara 35 cur yana aikin gwamnati ya ajiye, abinda ya fita da shi gida ɗaya ne mara bene da tsohuwar Fijo 504 irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da, wadda yaran unguwa suka sha turawa da safe in sanyi ya kama ta.

To abinda nake so ku gane, tsoron Allahn Baba a wajen aiki ake ganinsa kafin a gan shi a majami'a. Ranar zuba kankare shi ke riga leburori zuwa, ya tsaya a gindin injin kwaɓi yana ƙirga kwano da idonsa, in takarda ta ce siminti ɗaya yashi biyu tsakuwa huɗu to haka za a zuba, ba wai a fara daidai in oga ya juya baya a ƙara yashi ba. Rodi sai ya auna kaurinsa da kansa, domin ya san wayon, zane ya ce milimita 16 a kawo 12 a ɗaure da sauri a rufe da kankare, wa zai sake gani? Yana sa a ɗebi kankaren a zuba a 'yan akwatuna a kai ɗakin gwaji a matse bayan kwana 7 da bayan kwana 28, don sai a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, kuma yana faɗa da masu gaggawar cire katakon da ya tokare dekin tun kankare bai nuna ba saboda suna so su kai katakon wani aikin. Wajen ba kankare ruwa kuwa, sai ka ce shuka yake reno, kullum a jiƙa dekin har sati ya cika. Ya taɓa aiki a yankin da ke da baƙar laka irin ta wajen Numan da wasu sassan Borno, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, shi ya sa in ka ce masa zaka haƙa tushe baka duba irin ƙasar ba sai ya kalle ka kamar ka ce zaka kashe mutum.

Kuma a wajensa kusan hakan ne. Akwai ayar da yake yawan kawowa daga Kubawar Shari'a sura 22 aya 8, inda aka umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin 'yar katanga kewaye, kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Yakan ce mana Allahn da Ya damu da katangar saman soro ba zai kau da kai daga rodin da aka rage ba.

Inda aka fi gwada shi shine sa hannu. Ku da kuka fara aiki kun sani, ɗan kwangila baya karɓar kuɗi sai injiniya ya sa hannu cewa aiki ya kai inda aka ce ya kai kuma an yi shi yadda ya kamata, to wannan ɗan biron shine kasuwar gaba ɗaya. Baba baya sa hannu akan abinda bai je ya gani ba, ko da a ce wurin tafiyar yini ce a hanyar burji. An kawo masa ambulan ya mayar, an kawo rago da buhun shinkafa ana gab da Kirsimeti ya sa aka mayar a motar da ta kawo, har Mama matarsa ta taɓa ba mu labarin shekarar da aka mayar da irin wannan kayan alhali ko kaza basu da ita a gidan, yara na kallo motar ta juya. Kuma kada ku ɗauka tafi aka yi masa. An ɗauke shi daga inda ake manyan ayyuka aka jefa shi wani lungu ya shekara da shekaru yana gyaran kwalbati, waɗanda ya koya wa aiki suka wuce shi a girma, ana ce masa mai taurin kai, ana ce masa fasto don a yi masa ba'a. Sannan tsarin SAP na tsuke bakin aljihun gwamnati ya zo a 1986, naira ta faɗi, albashi ya koma ba ya kai wa tsakiyar wata, a daidai lokacin da yaransa ke sakandare. Duk da haka biron nan bai saya ba.

Yanzu ku duba abinda ke faruwa in aka rasa irinsu. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saints Academy a Busa Buji cikin Jos ya rufta kan ɗalibai da safe suna cikin aji, mutum 22 suka rasu, yawancinsu yara, iyaye sun sallame su da safe da kuɗin tara basu sake ganinsu da rai ba. A Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Legas ya kashe sama da mutum 40. Kuma mu Kirista kada mu ce abin na wasu ne, a 2014 masaukin baƙi na cocin Synagogue a Legas ya rushe da mutum sama da 100, a Disamban 2016 rufin wata majami'a ya faɗo kan masu sujada a Uyo. Addu'a muke yi kuma muna ba da gaskiya gareta, amma Allah bai ce mu rage siminti Shi zai riƙe mana ginshiƙi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Muna da hukumar COREN tun 1970 mai yi wa injiniyoyi rajista, muna da dokokin gini, amma ba hukumar da zata tsaya a gindin kowane injin kwaɓi a ƙasar nan, a ƙarshe mutum ɗaya ne ke tsaye a wurin shi da lamirinsa.

Abinda ke ba ni tsoro da mu shine mun raba kanmu gida biyu. Ran Lahadi mune a gaba, mu ke jan waƙa, mu ke shugabancin ƙungiyar matasa, mu ke ɗaga hannu sama muna hawaye, ran Litinin kuma mu ke buga bulo 60 da buhun siminti ɗaya, mu ke ba da hayar hatiminmu a buga a zanen da bamu ko buɗe ba, in kuɗin ya shigo mu cire zakka mu kai majami'a mu ba da shaida cewa Ubangiji Ya buɗe ƙofa. Haba 'yan'uwa. Wace ƙofa? Baba dattijon ikilisiya ne shekaru da yawa, kuma lokacin da aka zo faɗaɗa majami'armu kwamiti na so a gama kafin taron shekara, shi kaɗai ya tsaya ya ce ba za a ɗora rufi ba sai ginshiƙai sun nuna, aka yi ta gunaguni har wasu suka ce bashi da bangaskiya, aka yi taron a ƙarƙashin rumfa, kuma ko kwabo bai karɓa ba na kula da ginin daga tushe har fenti.

Gida kuma fa? Nan ne wasunmu ma suka fi faɗuwa. Aikin injiniya aikin yawo ne, yau kana nan gobe an tura ka daji wata uku, kuma kowa ya san abinda ke faruwa a irin waɗannan wuraren, kuɗi a aljihu, mata nesa, ba wanda ya san ka. Baba mace ɗaya ya sani har ya mutu, kuma ba ɗan da ya ɓullo ranar jana'iza yana neman gado. In yana gari ƙarfe 5 na asuba zaka ji waƙa daga gidansa, ya tara kowa har 'yan riƙo ana addu'ar safe, kuma 'yan riƙon nan ba kaɗan bane, 'ya'yan 'yan'uwa daga ƙauye, marayu, duk makarantar da nasa suka je nan suka je, tukunya ɗaya. Albashi in ya zo a tebur yake zama da Mama su raba, kuɗin makaranta farko. Yana da zafi kam, ba zan ɓoye ba, in ka yi ƙarya a gabansa sai ka gwammace duka, amma ban taɓa jin ya ɗaga wa Mama murya a gaban mutane ba. Maƙwabtansa Musulmi shi suke kira ya duba musu tushe in zasu yi gini, har masallacin layinmu shi ya duba zubin dekinsa kyauta, kuma ranar jana'iza sun cika layi guda a waje tun safe har aka kai shi makwanci.

Na san abinda wasu zasu ce, zamani ya canza, su Baba gwamnati ta ba su karatu kyauta aiki na jiransu, mu kuwa mun gama bautar ƙasa muna yawo da takardu, in ka ƙi sa hannu akwai mutum goma a bayanka masu sawa. Ban musa ba, wahalar gaskiya ce kuma ba zan yi muku alkawarin cewa in kun tsaya gaskiya kuɗi zai biyo baya ba, shi ma bai biyo shi ba. Amma ai ba a ce ka gyara Najeriya ba, an ce wannan dekin da ke gabanka, wannan takardar da aka miƙo maka. Ka je ka gani kafin ka sa hannu. In mai gini ya ce a rage rodi ka rubuta masa a takarda cewa baka yarda ba ka ajiye kwafi, in ya nace ka bar masa aikinsa. Kai birkila in an ce ka ƙara yashi ka faɗa da bakinka cewa ginin ba zai riƙe ba. In kuma abin da baka iya bane ka ce baka iya ba, ka nemi na gaba da kai, wannan ba abin kunya bane.

Sannan irin su Baba basu ƙare ba tukuna, a kusan kowace ikilisiya akwai wani tsoho mai ritaya yana zaune a bencin baya ba mai kula shi, wani na reluwe, wani na NEPA, wani na hukumar ruwa, kansu cike da ilimin da ba a rubuta ba, wasu ma fanshonsu baya zuwa akan lokaci. Shugabannin matasa ku gayyace su su yi muku magana, ku kai musu zanenku su duba, ku tambaye su yadda suka yi da matsin manya. Mu kuma na unguwa kada mu bar Mama ita kaɗai yanzu da baƙi suka watse, 'yan Zumuntar Mata suna nasu ƙoƙarin, samari a samu masu leƙa ta ko da sau ɗaya a sati, akwai famfon bayan gida da ke yoyo da kwanon kicin da iska ta ɗaga, duk wanda ke da hali ya same ni bayan sujada ran Lahadi mu tsara yadda za a gyara kafin ruwa ya sauka.