Wai Aikin Sa Kai a Ƙasar Waje: Me Yaran Suka Iya?

Hajiya, Allah ya karɓi niyya, amma ni dai ba zan tafa ba. Tun shekaranjiya hotunan nan ke yawo a WhatsApp, kowa sai "masha Allah, wannan ita ce tarbiyya". Wace tarbiyya? An kwashi yara masu tashen balaga daga unguwar Malali a Kaduna, an hau jirgi zuwa ƙasar mutane, an shafa wa katangar gidan marayu fenti, an rungumi jarirai an ɗauki hoto, an dawo kafin hutu ya ƙare.

Tambayata ɗaya ce: me yaran nan suka iya? Ku sake duba hoton katangar. Fenti ya dalalo har kan gilashin taga, yaro ya riƙe buroshi kamar ludayin miya. A garin da suka je akwai mai fenti da zai gama aikin tsaf, ya sayi abincin gidansa da ladan. Kun hana shi aiki, kun bar masa gyara.

Najeriya ma tana tura 'yan sa kai waje. Tun 1987, zamanin Babangida, aka kafa shirin TAC, kuma likitoci, malaman jinya, injiniyoyi da malaman makaranta ake turawa ƙasashen Afirka da Karibiyan, su shekara biyu suna aiki. Ƙungiyar 'yan sa kai ta VSO ta Ingila, da ta fara a 1958 da samarin da suka gama sakandare, ita kanta daga baya ta koma neman masu sana'a a hannu. Su da suka daɗe a harkar sun gane, mu kuma yanzu muke ɗaukar abin da suka yar.

Wani zai ce ai don yara su san darajar ni'imar da suke ciki ne. Wato marayan wani shi ne allon karatun ɗanka? Wata ta rubuto min wai hassada ce, kuɗinsu ne. Na ji, kuɗinsu ne, Allah ya ƙara buɗi. Ku je ku sha iska, ba wanda ya hana. Har yanzu dai ba a faɗa min me suka iya ba.

Maganar gidan marayun ita ce ta fi ci min rai, kuma nan ba wasa nake ba. Yaron da ya rasa uwa, yau wannan baƙuwa ta goya shi, ya saba da ita, jibi ta ɗauki jakarta, wata ta zo. Haka zai tashi yana sabo ana yanke masa. Hukumar UNICEF ta daɗe tana cewa yawancin yaran da ke irin gidajen nan a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. A Kambodiya gidajen ƙaruwa suka yi ta yi saboda baƙi masu zuwa da daloli, har Ostareliya ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani a 2018. Ruwanda kuwa tun 2012 ta kama rufe nata tana mayar da yara cikin iyalai.

Ni ma ina son 'ya'yanmu su tashi da hidimar jama'a, wallahi ina so. Amma yaron da bai taɓa kai wa majinyaci kwanon abinci a asibitin Barau Dikko ba, bai taɓa tsayawa cikin rana tare da 'yan agaji a sansanin alhazai na Mando ba, ko gadonsa mai aiki ke gyarawa, me zai kai wa mutanen wata ƙasa? Ya koyi wani abu tukuna, ko koyar da lissafi, ko taimakon gaggawa, ko ɗinki. In za ku tafi, ku tambayi masu gari abin da suke buƙata, ku yi aiki a ƙarƙashinsu, waya kuma ta zauna a aljihu. Da baƙo ne ya zo Tudun Wada ya ɗauki ɗan ƙanwarki hoto ya watsa wa duniya, da tuni an tara masa unguwa.

Af, tunda maganar fenti da aiki ake, damina ta kusa kuma kwatar layinmu ta cika da leda har ta toshe. Asabar akwai aikin gayya bayan asuba. Bawan Allahn da ya ari baro da shebur na masallaci tun bara, mun san ka, ka dawo da su kafin Juma'a.