Di'Anno ko Dickinson: Wace Murya ce ta Dace da Iron Maiden?

Mutuwar mawaƙi Paul Di'Anno a ranar 21 ga Oktoban 2024, a gidansa da ke Salisbury a Ingila, yana da shekara 66, ta sake tayar da wata gardama da masu sauraron kiɗan hebi metal, wato kiɗan jitar lantarki mai ƙarfi da ƙara, suka shafe sama da shekara 40 suna yi: tsakaninsa da Bruce Dickinson, wanda ya gaje shi a ƙungiyar Iron Maiden tun 1981, wane ne ya fi? Masu tsayawa kan Di'Anno ba su da yawa, amma ba su taɓa sassautawa ba, kuma hujjarsu ta fi ƙarfin a ce tausayin mamaci ne kawai. Ra'ayina shi ne Dickinson ne mawaƙin da ya dace da ƙungiyar, sai dai ba don dalilin da aka fi ambatawa ba, wato cewa muryarsa ta fi hawa sama.

Kafin a auna mutanen biyu, ya kamata a san mai ƙungiyar. Mu mun saba da cewa ƙungiyar kiɗa ta mawaƙinta ce, makaɗa da 'yan amshi kuwa suna bayansa, idan ya tafi ta watse. Iron Maiden ba haka take ba. Steve Harris, makaɗin jitar bas, shi ya kafa ta a unguwar Leyton da ke gabashin Landan a ƙarshen 1975, shi ke rubuta mafi yawan waƙoƙinta, kuma shi kaɗai ne bai taɓa barin ta ba tun daga ranar farko. Saboda haka duk mawaƙin da ya tsaya a gaban dandamali, aikinsa shi ne ya isar da abin da Harris ya tsara, kuma da wannan ma'aunin ya fi dacewa a duba shi.

Di'Anno, wanda sunansa na yanka Paul Andrews, ɗan gabashin Landan ne kamar Harris, ya shiga ƙungiyar a 1978, lokacin da take kewaya ƙananan mashaya irin su Ruskin Arms. Muryarsa tana da kaushi da gurnani, tana fitowa kamar ta matashin da ya fusata, kuma kamanninsa, da gajeren gashi da rigar fata, sun fi kama da na mawaƙan fank (punk), wani kiɗan matasa mai sauri da bijirewa, da ke tashe a Birtaniya a wancan zamani, kiɗan da Harris ya sha bayyana cewa ba ya ƙauna. Wannan saɓanin ne ya ba faifansu na farko, wanda ya fito a 1980 ya kai mataki na 4 a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya, ɗanɗanon da ba a sake ji ba: kiɗa mai sarƙaƙiya da sauye-sauyen taki a ƙasa, murya ta titi a samansa. Wanda ya saurari Remember Tomorrow, wadda Di'Anno ya sa hannu wajen rubutawa, zai ji cewa mutumin ba ihu kaɗai ya iya ba, domin yana fara ta a hankali cikin taushi da baƙin ciki kafin ya ɓarke. A irin waɗannan waƙoƙi, da ma Wrathchild ta faifan Killers na 1981, ban yarda Dickinson ya kai shi ba. Dickinson yana rera su daidai, yana ƙawata su, amma yana yi ne kamar ɗan wasan kwaikwayon da aka ba matsayin ɗan iskan gari, alhali Di'Anno bai buƙaci kwaikwayon komai ba.

Matsalar ita ce Harris ba ya nufin tsayawa a nan. Burinsa dogayen waƙoƙi ne masu labari, a kan yaƙi da tarihi da tatsuniya, da kuma rangadin da zai ɗauki watanni ana kiɗa kusan kowane dare. Di'Anno bai iya ɗaukar ko ɗaya daga cikin biyun ba. Shi da kansa ya amsa daga baya cewa giya da hodar ibilis sun ci ƙarfinsa a lokacin, kuma ba ya son rayuwar tafiye-tafiye. Aka sallame shi a 1981, bayan faifai biyu kacal.

Dickinson, wanda aka haifa a Worksop a 1958, shekara ɗaya da Di'Anno, yana ƙungiyar Samson ne lokacin da manajan Iron Maiden, Rod Smallwood, ya tuntuɓe shi a bikin kiɗa na Reading a 1981. Faifansa na farko da su, The Number of the Beast, ya fito a Maris na 1982 ya hau mataki na 1 a Birtaniya, duk da cewa wasu ƙungiyoyin addini a Amurka sun yi ta ƙona shi saboda sunansa da zanen bangonsa. Muryar da aka yi wa laƙabi da jiniyar gargaɗin harin sama ta ba Harris damar rubuta abin da ya daɗe yana so. Waƙar The Trooper ta 1983, a kan sukuwar da mahayan Birtaniya suka yi cikin bakin igwa a yaƙin Kirimiya a 1854, tana buƙatar mawaƙin da zai jero kalmomi da sauri ba tare da ya haɗiye su ba, sa'an nan ya ja amo mai tsawo a sama. A 1984 kuma suka fitar da waƙa mai tsawon sama da minti 13 da aka gina kan baitocin sha'irin Ingila Samuel Taylor Coleridge. Da wuya a ce muryar Di'Anno za ta riƙe mai sauraro tsawon wannan lokaci, ba don ta gaza kyau ba, sai don launinta ɗaya ne ko biyu, labari mai tsawo kuwa yana son wanda zai iya zama mai ba da labari, ya koma jarumin labarin, ya sake komawa mai makoki, duk a cikin waƙa guda.

A nan ne nake ganin fifikon Dickinson yake, kuma juriyarsa ta ƙara masa. Rangadin da suka fara a Foland a Agustan 1984 ya ɗauki kusan shekara guda, da wasanni kusan 190, har da fitowarsu a bikin Rock in Rio na farko a Burazil a Janairun 1985. Ya fito daga wannan rangadi a galabaice, har ba a sa ko ɗaya daga waƙoƙin da ya rubuta a faifan 1986 ba, amma bai karye ba. Ban da haka marubuci ne, wanda ya karanta tarihi a jami'a a Landan, don haka bai zama baƙo ba a duniyar da Harris ke ginawa. Magoya bayansa kan jero cewa matuƙin jirgin sama ne wanda ya tuƙa ƙungiyar a jirgin Boeing 757 a rangadin 2008, kuma gwani ne a wasan takobi. Duk gaskiya ne, amma ba su da wata alaƙa da tambayar da ake yi.

Bai kamata a rufe ido kan rauninsa ba. A faifan 1990 da na 1992 ya sauya salo ya koma rera waƙa da kaushi, abin da bai karɓe shi ba, kamar yana neman abin da Di'Anno ke da shi tun haihuwa. Ya bar ƙungiyar a 1993, kuma Harris ya zarge shi a fili da rashin ba da ƙarfinsa a wasu wasannin rangadin bankwana. Akwai kuma masu cewa yana cika yin wasan kwaikwayo da murya, yana jan amo inda bai kamata ba. Ban musa ba, musamman a wasu waƙoƙin shekarun baya-bayan nan.

Shekarun da ba ya nan su ne suka fi komai warware gardamar, domin sun kawo mutum na uku. Blaze Bayley, daga ƙungiyar Wolfsbane, ya riƙe makirufo daga 1994 zuwa 1999. Muryarsa mai kauri ce, ta ƙasa, kuma a waƙoƙin da aka rubuta dominsa, irin su Sign of the Cross, ta yi armashi. Amma kowane dare sai ya rera tsofaffin waƙoƙin da aka auna da maƙogwaron Dickinson, ba tare da an sauke amon kiɗan ya yi daidai da nasa ba, har muryar ta riƙa gaza masa, aka soke wasu wasanni, kasuwar faifai ta ja baya, ɗakunan wasa a Amurka suka ƙanƙance. Da Dickinson ya dawo a 1999 tare da makaɗin jita Adrian Smith, sai ya ɗauki waƙoƙin Bayley ya rera su ba tare da wahala ba. Ke nan shi kaɗai ne cikin ukun zai iya ratsa dukkan tarihin ƙungiyar a dare guda: na Di'Anno yana yin su da ɗan rangwame, na Bayley yana yin su sosai, nasa kuwa babu mai yi sai shi. Ko ciwon dajin da aka gano a harshensa, wanda likitoci suka ce ya warke daga shi a 2015, bai hana shi komawa dandamali ba.

Masu cewa da Di'Anno ya zauna da ƙungiyar ta fi ɗanɗano suna iya yin gaskiya, amma wata ƙungiya dabam suke magana a kai, ƙarama, mai zafi, wadda wataƙila da ba ta wuce tsakiyar shekarun 1980 ba. Shi kansa Di'Anno ya ci gaba da waƙa har ƙarshen rayuwarsa, a shekarun ƙarshe yana kan keken guragu saboda lalurar ƙafa, kuma mafi yawan abin da jama'a ke zuwa ji a wurinsa waƙoƙin waɗancan faifai biyu ne. A rangadin cikar Iron Maiden shekara 50, wanda aka buɗe a Budafes, babban birnin Hangari, a Mayun 2025, watanni bakwai bayan mutuwarsa, waƙoƙin faifan Killers ne aka sa a farkon wasa, kuma Dickinson ne ya rera su.