Ɓarawo ya raba kaya, ku kuma kuna sa masa albarka

Daren jiya bayan isha'i, a zauren WhatsApp na matasan unguwarmu, wani yaro da nake yi wa kallon mai hankali ya turo littafi sukutum da guda. Littafin wata baiwar Allah ne da na sani. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, da rubutun nan take auno musu gari ta biya kuɗin makaranta. Naira 500 take sayar da shi. A shafin farko ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk wanda ya fitar mata da littafi ba ta yafe ba, yaron nan ko goge layin bai yi ba. Sai ga amsoshi suna zubowa: "Allah ya saka da alheri." "Allah ya biya, malam." "Saura kashi na biyu." Na ƙirga mutum fiye da ashirin, ba ko ɗaya da ya ce masa kul. Wannan addu'ar ce ta hana ni barci.

Ƙannena, ina son ku, shi ya sa zan faɗa muku ba kwana-kwana. In wani ya haura rumbun maƙwabci ya ɗebo dawa, ya zo bakin masallaci yana rabawa, wa zai miƙa ƙwarya ya ce Allah ya saka? Za a kama shi ne. To me ya canza don rumbun ya koma cikin waya? Na san amsarku, na sha jin ta: ai ba ta rasa komai ba, nata yana hannunta. Ta rasa mana! Ta rasa mutum ashirin da za su saya, da ɗari biyun da waɗannan ashirin za su tura wa kafin gari ya waye. Ita ta kwana tana danna waya har yatsu suka yi tsami, ita ta sayi data, ita ta kai caji, kai kuma da danna ɗaya ka kwashe godiyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ku daina ganin kamar doka ba ta san da zamanku ba. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1988, kuma ta shigo da harkar intanet ciki. Wanda ya baza aikin wani a intanet don neman kuɗi ba da izini ba, tarar da ke kansa ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko a haɗa masa duka. Marubuci ba sai ya yi wa littafinsa rajista ba kafin ya zama nasa. Da ya rubuta ya mallaka, bayan ransa ma magadansa na da haƙƙi har shekara 70. Babbar Kotun Tarayya ce ke jin irin wannan ƙara, kuma ta nuna ba wasa take yi ba. A 2018 reshenta na Legas ya umarci Multichoice, masu DStv, su biya wata ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa kusan naira biliyan 5.9 saboda amfani da waƙoƙi ba izini, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2020. A shekarar 2020 ɗin dai, reshen Abuja ya ɗora wa Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da kamfanin waya na Zain diyyar naira miliyan 703 a kan tsarin wata gasar kacici-kacici ta talabijin da wani kamfani ya ce nasa ne aka ɗauka. Waɗannan masu manyan lauyoyi ke nan. Kai da ko kuɗin mota zuwa kotu sai ka ranta, da me kake taƙama? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce shi ai ba sayarwa yake yi ba, kyauta yake rabawa don jama'a su ƙaru. An riga ka kai wannan hujjar gaban alƙali. A Amurka, ma'ajiyar Internet Archive ta riƙa ɗaukar hoton littattafai tana ba mutane aro kyauta, ta ce hidimar ilimi take yi. Kamfanonin buga littattafai suka kai ta ƙara, a watan Satumba na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kyautar ba ta wanke ta ba. Ba a sadaka da kayan wani.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai jingina abin da addini, ya ce ilimi ba a ɓoye shi. Subhanallahi! Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. Wane daɗin rai ka gani a wurin matar da ta rubuta maka "ban yafe ba"? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait tun 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin karewa ne a shari'a, ba ya halatta a keta shi. Kotun duniya tana iya mantawa da kai. Ranar da za a ɗebi ladanka a biya mai haƙƙi fa, wa zai tsaya maka?

Cutar ma ba a littafi kaɗai ta tsaya ba. Ɗalibi ya sauko da furojet ɗin wani, ya canza suna da shekara, ya sa rigar yaye ya ɗau hoto, iyaye suna guɗa. Wani ya kwafi rubutun mutum a Facebook ya cire sunansa, ana ta yaba masa hikima yana amsa "na gode". Yaron da aka saya wa satar amsa tun a sakandare, yaushe zai ga laifin tura littafi? Hannu ɗaya ne ke yin su duka. Ku je kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ku tambayi tsofaffin dillalan finafinai yadda kasuwarsu ta ƙare. Gaskiya ne zamani ya juya, faifai ya wuce, amma kafin ya wuce an daɗe ana zuba fim ɗin da aka kashe miliyoyi a kansa cikin waya a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Mu ne muka yi layi a shagon masu turi, mu ne kuma yau muke kukan wai ba a yin fim mai ma'ana.

Abin da nake roƙonku ba mai wuya ba ne. Ku ji tsoron Allah a cikin wayoyinku. In kana da ɗari biyar ka biya, in babu ka haƙura, ko ka roƙi mai shi, da yawansu za su ba ka. In an turo, kada ka sa albarka.

Mu da muka taso, littafi ɗaya kan zagaye unguwa, amma sai da aka saye shi, kuma aro ake cewa, a mayar da shi an naɗe bangon da takardar siminti don kada ya yage. Yaro ya tsinci sule a hanya sai ya kai wa babba a yi cigiya. Kalmar "Allah ya isa" kuwa, in tsohuwa ta furta ta, sai ka ga ƙato ya durƙusa yana ba da haƙuri, iyayensa ma sai sun taka sun je. Yau a rubuce take a shafin farko, ana wuce ta da yatsa kamar talla.

Da safen nan na kira yaron, ya saurare ni da ladabi, ya ce ya goge. Kafin ya goge littafin ya riga ya shiga zaure uku da na sani. Na aika wa matar kuɗin kwafi ɗaya, na tambaye ta kashi na biyu. Ta ce ta ajiye rubutu tukuna, awara za ta fara soyawa a ƙofar gida.