Tafkin gona ya fi kifin da ke cikinsa daraja

A shekarar 2022 ne, a karon farko, kifi da sauran dabbobin ruwa da mutane suka kiwata suka zarce waɗanda masunta suka kamo. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kiwo ya samar da tan miliyan 94.4, wato kashi 51 cikin 100. Mafi yawan wannan kifi a cikin ƙasa aka kiwata shi, nesa da teku, kuma har yau tafkin da aka haƙa a ƙasa shi ne hanyar da ta fi yaɗuwa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi wa tafkin lissafi. Ana ƙirga kuɗin 'ya'yan kifi da na abinci, a cire daga cinikin ranar kwashe kifi, shi ke nan. Da wannan ma'auni tafkuna da yawa za su fito da riba 'yar kaɗan, domin inda ake dogaro da abincin kamfani, shi kaɗai kan cinye fiye da rabin kuɗin da ake kashewa. Wanda ya tsaya nan zai ce harkar wahalar banza ce, kuma a ganina ya yi kuskure.

Tafki rumbun ruwa ne kafin ya zama gidan kifi. Ruwan da ya tara da damina shi zai shayar da dabbobi, ya raya lambu idan sama ta ɗauke. Kuma ruwa ne mai taki a cikinsa, saboda kashin kifi da ragowar abinci. Lakar da ke kwanciya a ƙasan tafkin, idan aka yashe ta aka zuba a gona, tana rage buhunan takin da za a saya. A ɗaya gefen, kashin kaji ko na shanu da aka zuba daidai gwargwado yana sa ruwan ya yi kore da ƙananan tsirrai, waɗanda karfasa ke ci ta girma. Duk wannan kuɗi ne da bai fita daga aljihun manomi ba, amma ba ya shiga littafi.

Manoman kudancin Sin sun daɗe da gane haka. Ɗaruruwan shekaru suna shuka bishiyar da tsutsar siliki ke cin ganyenta a gaɓar tafki, kashin tsutsar ya koma abincin kifi, lakar tafkin ta koma gindin bishiyar. A ruwa ɗaya kuma sukan haɗa nau'in kifi daban-daban: mai cin ciyawa, mai tace ruwa, da mai kiwo a ƙasa.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Tumatir idan ya nuna dole a sayar, ko kasuwa ta yi kyau ko ta faɗi. Kifi kuwa yana iya jira a ruwa na ɗan lokaci, a riƙa kamo shi kaɗan-kaɗan ranar da buƙata ta taso, ko da yake kowace ranar jira tana cin abinci.

Ban ce kowa ya ɗauki shebur ba. Ƙasa mai yashi tana tsotse ruwa, sai mai yumɓu ke riƙe shi. Taki idan ya yi yawa, ko aka cunkusa kifi, iskar da ke cikin ruwa kan yi ƙasa da asuba, manomi ya wayi gari ya tarar da wahalar watanni tana yawo a saman ruwa. Karfasa ma idan aka bar maza da mata tare, hayayyafa za su yi ta yi, tafki ya cika da ƙanana marasa kasuwa.

Waɗannan matsaloli ne da malamin gona zai iya magancewa kafin a haƙa rami. Wadda ta fi su nauyi tana wurin masu ba da bashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma haƙa tafki ne ke cin jari mafi tsoka, alhali zai yi shekaru yana aiki. Bashin haƙa ya kamata a shimfiɗa shi a kan shekaru, na abinci kuma a jira shi har kifi ya isa sayarwa, abin da kan ɗauki kusan wata shida.