Ragowar atamfar Hajiya

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, muna zaune a inuwar dogon yaro da ke bakin majami'a, sai wani cikin matasanmu ya jefo mini tambaya. Yaron kirki ne, ɗalibi a jami'ar garin nan namu na Damagaram, ba mai neman gardama ba. Ya ce, "Kawu, wani abu yana ɗaure mini kai. Kullum ana gaya mana da alheri aka cece mu, ba da aikinmu ba. To in an riga an biya bashin, mene ne na takura wa kai? Wanda ya kame kansa da wanda ya saki jiki, ba jini ɗaya ne ya wanke su ba?"

Na ba shi amsa irin ta dattawa, wato na ɗan ɗaure fuska na ce ya je ya karanta Romawa sura 6. Ya yi shiru don ladabi, amma labarin zuciya a tambayi fuska, na ga ban gamsar da shi ba. Tun ranar ina taka keke ina juya maganar. Abin da ya kamata in faɗa masa shi ne na kawo nan, don na san ba shi kaɗai ke da tambayar ba, shi ne dai ya yi ƙarfin halin furta ta.

Rabin maganarsa gaskiya ce tsantsa, kuma ba zan rage mata komai ba don tsoron kada yara su lalace. Afisawa 2:8-9 ta faɗa ƙarara cewa ceto kyauta ce daga Allah, ba ladan aiki ba, don kada wani ya yi fariya. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai sami ko yini ɗaya na gyara hali ba, amma an yi masa alkawarin Firdausi. Tambayar kanta ma tsohuwa ce. Bulus ya riga ya yi ta a farkon wannan sura ta Romawa: mu ci gaba da zunubi ke nan don alheri ya ƙaru? Kuma bai amsa da barazanar wuta ba. Cewa ya yi, mu da muka mutu ga zunubi, ta yaya za mu ci gaba da zama cikinsa? Na haddace ayar tun ina makarantar Lahadi, amma ban gane ta ba sai da wata tsohuwa Musulma, maƙwabciyata, ta koya mini ita ba da saninta ba.

Ni tela ne, shekara ashirin da ɗoriya ina kan keke a Sabon Gari. Sana'armu tana da zunubai biyu da kowa ya sani: alkawarin ƙarya da cin ragowar yadi. Mutum ya kawo kaya, kana gani ka san za a yi saura, ka ja bakinka ka yi shiru, sauran ya zama rigar ɗanka. Mu teloli ba ma kiransa sata, "albarkar almakashi" muke cewa muna dariya.

Ana saura kwana goma babbar sallar 2014, Hajiya, maƙwabciyar nan tawa, ta shigo shago da atamfa turmi uku na jikokinta mata. A lokacin ɗinki ya taru mini har ba wurin ajiye ƙafa, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa. Na san sarai ba zan gama ba. Amma na ga kafin alƙalami jika biyar a hannunta, na ce, "Hajiya, ranar jajibere ki aiko, kamar an gama." Ranar jajibere ta aiko jikarta sau uku. A na ukun na shige bayan labule, na raɗa wa yaron shagona ya ce na tafi Kasuwar Dole sayen zare. Ina jin yarinyar tana tambaya, "Yaushe zai dawo?" Yaran nan da tsofaffin kaya suka yi yawon sallah.

Sai bayan kwana huɗu na gama. Hajiya da kanta ta zo karɓa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ɗan nan, ba kayan ne suka dame ni ba. Teloli nawa na tsallake na kawo maka? An ce mini ku mutanen Annabi Isa ba ku ƙarya." Ta ƙirga cikon kuɗina cif ta ajiye kan keke ta fita. Abin da ban gaya mata ba, na riga na yanke abin da ya isa ɗinkin ƙaramar yarinya daga atamfarta, na ɗinka wa ɗiyata.

Bayan wata uku, ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, abin da ya faru ya faru. Duk wanda ke Damagaram a ranar ba ya buƙatar in ba shi labari: zanga-zanga kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ta rikiɗe, aka ƙona majami'u, aka yi asarar rayuka, washegari wutar ta kama a Yamai. Ina shago, matata tana gida da yara uku, hayaƙi yana tashi ta ko'ina. Kafin in iso, Hajiya ta riga ta shiga gidana ta kwashe su duka ta kai ɗakinta, ta kafa kujera a zaure ta zauna da carbinta. Da na shigo ina haki, ta ce, "Shiga ciki, kai ma yau ɗan gidan nan ne."

A cikin ɗakin ne na ga abin da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ɗiyata tana sanye da rigar nan ta atamfar Hajiya, tana zaune kusa da jikar Hajiya, ita ma da irinta a jiki. Tsohuwar ta leƙo, ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta dube ni. Sai ta ce, "To madalla, ga anko ma an yi. Wa zai ce ba jikata ba ce?" Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Kwana biyu muka yi a ɗakin. Yanzu ga tambayata ga wannan yaro da duk mai irin tunaninsa. Bayan mun fito, da Hajiya ta sake kawo mini ɗinki, zan iya cewa a raina, "Ai tsohuwar nan mai yafiya ce, bari in ƙara yankar rabin zane"? Ba wanda ya kafa mini doka. Ba ta ce in biya ba, ba ta ce in rantse ba. Hannuna ne kawai ya ƙi. Telan da ya ɓuya bayan labule bai fito daga ɗakin nan da rai ba. Ba ina daidaita kirkin maƙwabciya da gicciyen Almasihu ba ne, Allah ya sawwaƙe. Amma in alherin ɗan Adam na kwana biyu ya iya kashe wani hali a jikina, me za a ce da na wanda ya ba da ransa tun muna masu zunubi, kamar yadda Romawa 5:8 ta faɗa?

Haka tsarin yake tun daga farko, mu ne muke juya shi. Ku duba Fitowa sura 20. Kafin doka ta fari cikin goman, Allah ya fara tuna musu cewa shi ne ya fisshe su daga bautar Masar. Bai aika wa bayi da dokoki ya ce wanda ya cika su zai ƙetare teku ba. Sai da suka ƙetare ya koya musu zaman ƴantattu. Zakka mai karɓar haraji ma haka, a Luka 19. Yesu ne ya fara cewa zai sauka a gidansa, sannan mutumin ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ita kanta Afisawa 2 da muke son tsayawa a aya ta 9, aya ta 10 tana nan manne da ita: an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka da Allah ya riga ya shirya. Titus 2:11-12 kuwa ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake horar da mu mu rabu da rashin tsoron Allah. Malami ɗaya ne, ba biyu ba.

A garin nan da ruwa ke da tsada, kowa ya san matsayin randar sha. In famfo ya kwana uku bai kawo ba, aka sayi jarka wurin mai garuwa, ba a juye na sha a ko'ina. Randa tana da wurinta da murfinta da modarta, yaro ya tsoma hannu ya sha faɗa. Yumɓu ɗaya ne da tukunyar miya, ba wani asali ta fi ta ba. An keɓe ta ne saboda abin da take ɗauka da mutanen da za su sha. Tsarki a Littafi Mai Tsarki keɓewa ce irin wannan, kuma 2 Timoti 2:21 da kwatancin kayan gida ta yi maganar: wanda ya tsabtace kansa zai zama abin amfani ga maigida. Sai an sayi randa an kawo gida ake wanke ta, wankin kuma don masu ƙishirwa ake yi.

A nan ne zan taɓa mu manya, don laifin ruɗewar yaran nan ba nasu ba ne su kaɗai. Mun mai da tsarki abin aunawa da tef: tsawon siket, ɗaurin ɗankwali, askin kai, wa aka gani a fadar shayi. Ban ce kamun kai a sutura ba komai ba ne, ni da nake ɗinka ta. Amma na san dattijon da ba ya fashin addu'ar asuba, yaran aikinsa kuwa sai sun yi wata biyu suna bin sa haƙƙinsu. Na san uwa a zumuntar mata da ba a taɓa ganin gashinta ba, amma aure biyu harshenta ya kashe. Yaro yana ganin wannan, sai ya ce in tsarki ke nan, a bar shi da alheri.

Ku buɗe Littafin Firistoci sura 19, inda Allah ya ce ku zama tsarkaka gama ni mai tsarki ne, maganar da Bitrus ya sake ɗauko wa Kirista a wasiƙarsa ta fari. Ku ga abin da ya biyo baya. In ka yi girbi kada ka share gona ƙaf, ka bar wa matalauci da baƙo kala. Ladan ɗan ƙodago kada ya kwana a hannunka. Kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe, kada ka yi yawon tsegumi. Ma'auninka ya zama na gaskiya, wato ban da tiya biyu, ta saye da ta sayarwa. Kusan duk abin da aka lissafa, wani ne ke cin moriyarsa, ba mai yin sa ba. A surar nan ce ma aka ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka.

Mu kuma a Damagaram maganar ta fi nauyi a kanmu. Tun 1924 masu wa'azin bishara na ƙungiyar mishan ta SIM suka zauna a garin nan, lokacin nan ne babban birnin Nijar, kafin a mai da shi Yamai a 1926. Shekara ɗari ke nan, har yanzu ba mu da yawa. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, amma yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa buɗe shi ba. Telansu suke karantawa, da malamar asibiti, da mai gyaran babur, da matar da suke layin famfo tare. Ranar da na ɓuya bayan labule ba sunana kaɗai na zubar ba, wake ɗaya ke ɓata gari. Hajiya ba ta ce "kai" ba, "ku" ta ce.

Kada kuma wani ya fahimce ni a karkace, ya ce zaman kirki garkuwa ce. Akwai waɗanda suka fi ni gaskiya nesa ba kusa ba, a ranar nan suka rasa duk abin da suka mallaka, ni maƙaryacin kuwa aka ɓoye ni. Ba kuma na zama mala'ika ba. Akwai wani matashi da na gane fuskarsa a cikin masu jifa, yana wucewa ta ƙofar shagona da babur kusan kullum. Shekaru na yi in ya yi sallama sai in yi kamar ƙarar keke ta hana ni ji. Yadi na daina yanka cikin mako ɗaya, amsa sallamar nan kuwa sai da Ruhu Mai Tsarki ya yi ta fama da ni, kuma har yau wata rana da ƙyar take fita.

Abin yana da tsada, ban ɓoye ba. In sallah ta matso yanzu, ina ƙirga abin da ni da yarana za mu iya, in ya cika in rufe karɓa, ina kallo kuɗi suna tsallakawa shagon gaba. Watan jiya jikar Hajiya, wadda suka yi anko da ɗiyata, ta kawo ɗinkin aurenta kala bakwai. Na ce mata huɗu zan iya kafin ranar, ukun ta kai wa wani. Ta ɓata rai, ta kwashe ukun. Da ta zo karɓa na miƙa mata kayanta, da wata ƙaramar leda a sama. Ta buɗe ta ga ƙyallaye, har da wanda bai kai tafin hannu ba, ta yi dariya ta ce, "Baba tela, me zan yi da waɗannan?" Na ce ta tafi da su gida, nata ne.